Ƙubbar da Ba Ta da Alƙibla

A kudancin Jamus, cikin wani kwari na tsaunukan Babariya kusa da garin Ettal, akwai fadar Linderhof wadda Sarki Ludwig na Biyu ya gina wa kansa a shekarun 1870. Wanda ya bar harabar fadar ya hau gangaren lambunta zai yi kiciɓis da wani ɗan gini mai ƙubba ruwan zinariya a tsakiya, da ƙananan hasumiyoyi a kusurwoyinsa. Musulmin da ya hango shi daga nesa zai ce ga masallaci. In ya matso ya leƙa, sai ya ga tagogi masu gilashi launi-launi da maɓuɓɓugar ruwa ta marmara a tsakar ɗaki, can ƙurya kuma, inda idonsa ke neman mihirabi, karagar sarki ce, ɗawisu uku na ƙarfe da gilashi sun buɗe jela a kanta. Jamusawa suna kiran ginin Maurischer Kiosk, wato rumfar shan iska irin ta Larabawan Andalus. Ba a taɓa nufin a yi salla a cikinta ba, ba ta fuskanci alƙibla ba, wanda ya zana ta da waɗanda suka mallake ta duk ba Musulmi ba ne. Tambayar da take jawowa tsohuwa ce: shin siffar gini tana ɗauke da tsarki a jikinta, har ya zama wanda ya are ta don nishaɗi ya taɓa alfarmar addini? Ni ina ganin siffa ba ta ɗauke da tsarki, abin da ake yi a cikin gini da wanda ake yi dominsa su ke ba shi ma'ana. Wannan hukunci yana wanke rumfar Linderhof daga laifin da aka fi zarginta da shi, sannan ya kama ta da wani laifin da bai tsaya kan Turawa kaɗai ba.

Wanda ya zana rumfar shi ne Carl von Diebitsch, mai zanen gine-gine daga Berlin, an haife shi a 1819. A shekarun 1840 ya yi doguwar tafiya ta kai shi Andalus, ya zauna yana auna adon fadar Alhamra da ke Garnaɗa yana kwafe shi a takarda. Ya dawo gida da tunani guda: wannan ado da aka ɗauki ƙarni ana gyara shi za a iya zuba shi a masana'anta. A yi mazubi, a narka ƙarfe a zuba, a fitar da ginshiƙi ɗari masu kama ɗaya, a loda a jirgin ƙasa, a je a ɗaure su da ƙusoshi a duk inda mai kuɗi yake so. Da wannan dabara ya ƙera rumfar don baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1867, inda ta tsaya a ɓangaren ƙasar Furushiya. Tun daga haihuwarta, ke nan, kayan talla ce. An yi ta ne don a kwance a sake ɗaurawa, kuma haka rayuwarta ta kasance. Bethel Henry Strousberg, attajirin da ake yi wa laƙabi da sarkin layin dogo, ya saye ta ya kafa a gidansa na Zbiroh cikin ƙasar Bohemiya. Da arzikinsa ya karye a 1875 aka shiga sayar da kadarorinsa, Ludwig ya saye ta a 1876, aka sake kwance ta aka kawo Linderhof. Shi ne ya sa aka ƙera masa karagar ɗawisun a Paris. A nan yakan zauna yana karatu yana shan shayi, barori sanye da tufafi irin na mutanen Gabas suna zaune a gefe suna busa shisha don wurin ya yi kama da abin da yake mafarki.

A fara da zargi mafi nauyi, cewa an ɗauki kamannin ɗakin Allah an mayar da shi wurin wasa. Kafin a yarda da wannan sai an tambaya: me ya mai da masallaci masallaci? Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, da tubalin laka aka gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Ba ƙubba, ba hasumiya. Bilal yakan hau rufin wani gida mai tsawo a maƙwabta ya yi kiran salla. Mihirabin nan mai lanƙwasa da muke ɗauka kamar da shi aka haifi masallaci, sai a zamanin Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya shigo, lokacin da Umar ɗan Abdul'aziz yake gwamnan Madina ya sake ginin, fiye da shekara saba'in bayan wafatin Annabi. Bahaushe ma bai buƙatar a kai shi nesa. Duk wanda ya bi hanya a ƙasar Hausa ya ga wurin da aka share aka kewaye da duwatsu a gindin bishiya, kowa na tuɓe takalmi kafin ya taka shi, ba wanda ke shakkar cewa wurin salla ne. Idan duwatsu goma sha biyu sun isa su sa mutum ya tuɓe takalmi, kuma ƙubbar zinariya ba ta isa ba, to a fili yake cewa alfarmar tana tare da niyyar da aka keɓe wurin da ita da goshin da ke taɓa ƙasarsa. Kama da wane ba ta wane.

Ƙubbar da hasumiyar ma aro ne a hannunmu. Ƙubbatus Sakhra da Halifa Abdulmalik ya kammala a Ƙudus wajen 691 ta bi tsarin gine-ginen Rumawa masu kusurwa takwas. Masallacin Ƙurɗuba yana tsaye a kan ginshiƙan marmara da aka ciro daga tsoffin gine-ginen Rumawa da na Kiristocin da suka mulki Andalus kafin zuwan Musulmi, kuma adon ƙananan duwatsu masu ƙyalli da ke kewaye da mihirabinsa, Halifa Hakam na Biyu ya nemi gwani daga wurin sarkin Rum na Kustantiniyya ya zo ya yi shi. Manyan masallatan Usmaniyya, har da Sulaimaniyya da gwanin gini Sinan ya gama a 1557, ba wanda ya kalle su bai ga inuwar cocin Aya Sofiya ba. Magabata ba su ga aibu a cikin wannan ba, domin sun fahimci cewa dabarar rufe fili mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba ilimi ne, ilimi kuwa ba ya da ƙabila. Al'ummar da ta karɓi ƙubba daga hannun Rumawa ta cika ta da karatun Alƙur'ani ba ta da bakin da za ta ce wa Bajamushe ya yi sata don ya karɓi ƙubbar daga hannunta. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: abin da Diebitsch ya kwafa fada ce. Alhamra gidan sarakunan Banu Nasr ne, da zaurukan karɓar baƙi da wuraren wanka da lambuna. Ita kanta kalmar da Jamusawa suka sa wa rumfar daga Turkanci ta fito, Turkawa kuma daga Farisanci, kuma ma'anarta ɗakin shan iska a lambun sarki, irin wanda Sultan Murad na Huɗu ya gina a fadar Topkapi bayan ya ci Bagadaza. Sarkin Babariya ya ari ɗakin nishaɗin sarakunan Musulmi ya yi nishaɗi a ciki.

Zargi na biyu daga cikin Turai ya fito, kuma ya girmi rumfar. Marubucin Ingila John Ruskin, a littafin da ya fitar a 1849 kan gine-gine, ya ɗauki adon ƙarfen zubi a matsayin yaudara, domin yana nuna wa ido wahalar hannun da ba a sha ba. A ganinsa darajar ado tana cikin lokacin da ɗan Adam ya zuba a ciki da tunanin da ya yi yana sassaƙa. Maganar tana da daɗin ji ga mai addini, don tana kama da batun ikhlasi. Sai dai tarihi bai goyi bayanta yadda ake zato ba. Adon farar ƙasa da ya lulluɓe bangon Alhamra, da yawansa a mazubi aka zuba shi. Magina na zamanin Banu Nasr sukan sassaƙa zane sau ɗaya, su yi masa mazubi, su riƙa fitar da shi suna jerawa a bango, shi ya sa suka iya rufe zauruka masu girma cikin mulkin sarki ɗaya. Wannan ado tun asalinsa ado ne na maimaici, tauraro yana haifar tauraro, layi yana shiga ƙarƙashin layi har ido ya rasa inda aka fara. Diebitsch ya gane haka, ya canza farar ƙasa da ƙarfe. Mai zubin ƙarfe ma mai sana'a ne, yana da gwaninta da zufa, kuma wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane ya ga yadda ƙaramin kuskure wajen danne yashi ke ɓata aikin yini ya san inji bai kore hannu ba. Idan rumfar tana da aibu, ba a cikin tukunyar narka ƙarfe za a same shi ba.

Zargi na uku ya fi waɗannan ƙarfi, kuma ba zan ce na rushe shi duka ba. Masu bin ra'ayin Edward Said, wanda littafinsa kan yadda Turawa ke kallon Gabas ya fito a 1978, za su ce aron mai ƙarfi daban yake da aron tsara. Lokacin da ake baje kolin Paris, Faransa ta shekara 37 tana danne Aljeriya, kuma tun a 1832 ta ƙwace masallacin Ketchaoua a birnin Aljiyas ta mayar da shi coci. A irin wannan yanayi, in ji su, jera ƙubba da hasumiya a filin baje koli kamar jera ganima ne: ga abin da muka ci, ku zo ku kalla. Akwai gaskiya a nan. Baje kolin ƙarni na 19 sun koya wa miliyoyin Turawa kallon Musulmi a matsayin kayan kallo, mutanen kishingiɗa da hayaƙi da kasala, kuma wannan hoto ya sauƙaƙa wa masu mulkin mallaka aikinsu. Amma labarin wannan rumfa bai shiga wannan ramin daidai wa daida ba. Furushiya da Babariya ba su da ko taƙin ƙasa a duniyar Musulmi a 1867. Sultan Abdul'aziz na Usmaniyya da kansa ya je baje kolin, gwamnatinsa ta gina ɗan masallaci da ɗakin shan iska da gidan wanka a filin don a gani. Isma'il Pasha na Masar ma ya je. Abin da ya fi ɗaukar hankali, babban mai sayen aikin Diebitsch shi ne Isma'il ɗin. Tun farkon shekarun 1860 Bajamushen yake aiki a Alƙahira, kuma dogayen barandun ƙarfe na fadar Jazira, wadda aka shirya don saukar manyan baƙi a bikin buɗe mashigin Suwez a 1869, a masana'antar Lauchhammer ta Jamus aka zuba su aka kawo ta teku. A Alƙahira Diebitsch ya rasu a shekarar, kafin bikin. Sarki Musulmi, a birnin da ke da masallacin Ibn Tulun da na Sultan Hasan, ya aika Jamus a zubo masa adon Andalus. Duk bayanin da ya raba duniya gida biyu, mai sata da wanda aka yi wa sata, ba zai iya ɗaukar wannan ba.

To ina laifin yake? Yana cikin amfanin da aka yi da ginin, kuma Alƙur'ani ya riga ya ba mu ma'aunin. A Suratus Shu'ara, Annabi Hudu ya zargi Adawa da kafa alamomi a kan kowane tudu don wasa kawai, da gina manyan gidaje kamar za su dawwama. Bai zarge su da salon gininsu ko inda suka aro shi ba, abin da ya tsaya a kai shi ne ginin da ba shi da manufa sai ɗaukaka mai shi. Ludwig mutum ne mai gudun mutane. A fadar Linderhof ya sa aka yi masa teburin cin abinci da ke nutsewa ta ƙasan ɗaki zuwa madafa, a jera abinci a turo shi sama, don kada ya haɗa ido da mai hidima. A Munich yakan sa a yi masa wasan kwaikwayo shi kaɗai a zauren da aka gina don ɗaruruwa. Ya mai da dare rana, ya nisanci babban birninsa da ministocinsa. Rumfar ƙarfen ɗaya ce daga cikin ɗakunan wannan kaɗaici. Ɗakin shan iska na sarakunan Gabas, duk da alatunsa, wurin zama ne da mutane: malamai, mawaƙa, jakadu, masu kawo ƙara. Shi kuwa ya ɗauki ɗakin ya fitar da jama'ar, ya bar barori cikin tufafin aro su zama wani ɓangare na ado, kamar fitila ko kilishi. Wannan shi ne abin da ke damuna a labarin, fiye da hasumiyoyin. An mai da ɗan Adam kayan ɗaki, an kuma mai da rayuwar wata al'umma gaba ɗaya labulen da mutum ɗaya ke ɓuya a bayansa daga aikin da aka ɗora masa.

Akwai wani abu kuma da ya zube a hanya tsakanin Garnaɗa da Babariya. Bangon Alhamra magana yake yi. A cikin adon, sau ɗaruruwa, an rubuta taken gidan Banu Nasr, wanda ke cewa rinjaye na Allah ne shi kaɗai, kuma a zauren karagar mulki an zagaye ƙasan rufin da Suratul Mulk. Sarkin da ke zaune a wurin, duk inda ya juya, bangon gidansa yana gaya masa cewa akwai wanda ya fi shi, da harshen da yake ji. Ko da mai zubi ya kwafe haruffan daidai, a Linderhof ba mai karanta su, sun koma zane kamar sauran zane. Adon ya iso lafiya, gargaɗin da ke cikinsa bai iso ba, kuma a gurbin da ya bari aka ajiye ɗawisu, tsuntsun da aka san shi da taƙama.

Mai adalci zai tsayar da ni a nan da hujja biyu. Ta farko, rubutun bango bai hana sarakunan Banu Nasr kashe juna a kan gadon mulki ba, bai kuma hana Garnaɗa faɗuwa a 1492 ba. Haka ne, kuma wannan yana ƙarfafa abin da nake faɗi: idan ayar da aka rubuta a bango ba ta shiryar da wanda ya ƙi karanta ta da zuciya ba, ina ga ƙubba kurum? Isma'il Pasha yana jin Larabci, yana jin kiran salla daga hasumiyoyin Alƙahira, amma ya ci bashin da ya sa ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suwez a 1875, aka tuɓe shi a 1879, sojojin Ingila suka shiga ƙasar a 1882. Talakan Masar ne ya biya, da haraji da aikin tilas. A wannan ma'auni laifinsa ya fi na Ludwig nauyi nesa ba kusa ba, kuma Musuluncinsa bai rage masa komai ba. Hujja ta biyu ita ce Ludwig da kuɗin aljihunsa da bashin da ya ci da sunansa ya yi gine-ginensa, ya ba masu sana'a aiki, bai jawo yaƙi don nishaɗi ba, kuma kyau abin so ne a addini. Na yarda kyau ba laifi ba ne, kuma ba na cikin masu ganin duk ado almubazzaranci ne. Amma lokacin sarki da hankalinsa ba na aljihunsa ba ne, amana ce. Bashinsa ya kai wajen mak miliyan 14, ya matsa wa ministoci su nemo masa ƙari, su kuma suka sa likitoci suka ce ya taɓu, aka sauke shi a watan Yuni na 1886, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg tare da ta likitansa. Ba ina cewa ƙarfen yana da mugun ƙashi ba ne don Strousberg da Isma'il da Ludwig duk sun ƙare cikin bashi. Abin da ya haɗa su shi ne irin sha'awar da wannan sana'a ta zo ta biya: a sami ɗaukakar da a da sai an yi ƙarni ana ginawa, a same ta cikin 'yan watanni, a kan bashi.

Saura tambaya ɗaya. Idan siffa ba ta da tsarki, shin kowa na iya yin abin da ya ga dama da ita? A'a, domin siffa tana zama harshe idan mutane suka saba da ita, kuma al'ada tana da hukunci a fiƙihu. Bayan ƙarnoni, ƙubba da hasumiya a tare sun zama kalmar da ke nufin nan ake salla, kamar yadda rawani ke nufin wani abu ko da yake ƙyalle ne. Shi ya sa ginin da Ludwig Persius ya yi wa Sarki Friedrich Wilhelm na Huɗu a Potsdam tsakanin 1841 da 1843 ya fi rumfar Linderhof sosa rai: gidan injin tura ruwa ne zuwa lambun Sanssouci, aka yi masa kamannin masallaci sak, hasumiyar kuma ita ce bututun hayaƙi. Wannan rashin ladabi ne ga maƙwabci, yin amfani da kalmarsa mai daraja a inda bai dace ba, kuma Musulmi yana da haƙƙin ya ji zafinsa. Amma rashin ladabi daban, keta alfarmar wuri mai tsarki daban, domin ba a taɓa keɓe wurin ga Allah ba balle a ce an ƙwace. Abin da aka yi wa Ketchaoua shi ne ƙwace, kuma haɗa su a ma'auni ɗaya rage wa Ketchaoua nauyi ne.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana wani lambun fada a Jamus ɗin, a Schwetzingen kusa da Heidelberg. A can Nicolas de Pigage ya gina wa Yarima Carl Theodor masallacin ado a ƙarshen ƙarni na 18, da ƙubba da hasumiya biyu da rubutun Larabci mai kurakurai, don masu yawo a lambu su kalla. Ya shekara kusan tamanin ba wanda ya yi sujada a ciki. Sai yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871 ya kawo fursunoni Musulmi 'yan Arewacin Afirka, waɗanda suka yi yaƙi a rundunar Faransa, aka ajiye su suna jinya a kusa da wurin. Suka shiga ginin suka yi salla. Ba a canza ko tubali ɗaya ba, kurakuran rubutun suna nan inda suke, mutanen dai sun nemi alƙibla suka tsaya sahu.